Daga Keffi Zuwa Sudan: Labaran Yau A Cikin Littafin Tarihin Sakandare

  

Bahaushe dai an san shi da son labarin duniya. Tun daga shekarar 1957 da gidan rediyon BBC ya buɗe sashen Hausa, rediyo ya zama abokin mai shayi da tela da direba da maigadi. A nan Bukan Sidi ma haka abin yake, sai dai yanzu wayar hannu ta karɓe rabin aikin. Za ka tarar da mutumin da ko ajin boko ɗaya bai taɓa shiga ba yana lissafa maka sunayen janar-janar ɗin Sudan da garuruwan Yukren kamar a can aka yanke masa cibiya. Wannan abin alfahari ne. To amma akwai wani giɓi. Labarin rediyo minti uku ne ko biyar, daga abin da ya faru jiya yake farawa, a kan abin da ya faru yau yake tsayawa. Mai sauraro kamar wanda ya tarar da dambe a tsakiya ne, ya ga na sama ya ga na ƙasa, amma bai san abin da ya haɗa su ba. Ta wannan ƙofar ce masu ƙirƙirar ƙarya a WhatsApp suke shigo mana gida.

Abin da ya haɗa 'yan damben kuwa yana nan a rubuce cikin littafin tarihi na makarantar sakandare: babin wawason da Turawa suka yi wa Afirka, babin juyin juya halin masana'antu, babin yaƙe-yaƙen duniya biyu, da babin kishin ƙasa. Abin takaicin shi ne yawancin yaranmu ba su taɓa buɗe shi ba. Tsarin karatun da aka fitar a 2007 ya cire tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, a babbar sakandare kuma aka bar shi a matsayin na ganin dama, yara suka riƙa kauce masa. An ɗauki shekaru ana kai-kawo kan maido shi, har a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da cewa tarihin Najeriya ya zama tilas daga firamare zuwa ƙaramar sakandare. Ke nan akwai samari da 'yan mata masu yawa a tsakaninmu da suka gama makaranta ba su san me ya faru a 1903 ba.

Ga ɗan da ke zaune a tsakar gidan ubansa a Kano ko Katsina, rashin wannan ilimi hasara ce. Ga mu da muke zaune a tsakanin wasu al'ummu kuwa, hasarar ta fi haka, domin kuwa kusan kowane babi na littafin nan ya taɓa hanyar da muka biyo da matsayin da muke zaune a kai. Bari in ɗauki labarai huɗu da duk muka ji a 'yan shekarun nan, mu ga babin da kowannensu ya fito.

Iyakar Nijar da Taron Balin

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, Janar Abdourahamane Tchiani ya hau. Ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, har aka fara maganar tura sojoji. Mai karatu zai tuna yadda Arewa ta yi caa. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi, malamai suka ɗunguma zuwa Yamai neman sulhu, motocin kaya suka yi layi a Jibiya da Illela da Maigatari har wasu kayan suka ruɓe. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, a watan Maris Najeriya ta buɗe iyakar daga ɓangarenta. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar da aka kafa a Legas tun 1975.

Wasu abokan zamanmu a nan sun yi ta mamaki, me ya sa Hausawa suka ɗauki zafi haka a kan wata ƙasa daban? Amsar tana babin da yara suka fi haddacewa ba tare da sun fahimta ba. Daga Nuwamban 1884 zuwa Fabrairun 1885 wakilan ƙasashe 14 suka zauna a Balin bisa gayyatar Bismak na Jamus, babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Yara kan rubuta a jarrabawa cewa a nan aka zana iyakokin Afirka, alhali abin da aka yi a Balin shi ne tsara ƙa'idojin wawaso, har da 'yancin zirga-zirgar jiragen ruwa a kogin Kwara da rassansa, ciki har da Binuwai da ke kudu da mu. Zanen iyaka daga baya ya zo, ƙasa biyu-biyu.

Tamu iyakar, Ingila da Faransa ne suka yi cinikinta. A 1890 suka ja layi daga garin Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, a kan taswirar ƙasar da yawancinsu ba su taɓa takawa ba. A 1898 suka gyara, aka zana rabin da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato aka bar wa Ingila. Da Faransawa suka zo bin hanyarsu daga bakin Kwara zuwa Damagaram, sai suka tarar rabonsu babu isassun rijiyoyi. Suka koma teburin ciniki a 1904 da 1906, aka matso da layin kudu domin ayarinsu ya samu ruwa. Wato rijiyar da sojan Faransa zai shayar da raƙuminsa ita ta yanke wa ƙauyuka da dama hukuncin wace ƙasa za su zama.

Layin nan mai tsawon kimanin kilomita 1,500 ya ratsa ta tsakiyar ƙasar Hausa, jihohinmu bakwai ne ke jingine da shi: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Sarakunan Katsina na dā da jihadi ya tayar su ne suka kafa mulki a Maraɗi, shi ya sa har gobe Sarkin Katsinan Maraɗi ake cewa. Yaron da ya san wannan ba zai yi mamakin hayaniyar 2023 ba, kuma zai iya yi wa abokinsa Ba'alago ko Batibi bayani cikin natsuwa, ba tare da an zarge shi da fifita wata ƙasa a kan tasa ba.

Harbin da aka yi a Keffi

Labari na biyu na Sudan ne. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati ƙarƙashin Janar Burhan da dakarun RSF na Janar Hamidati. Fiye da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu, mun kuma ga yadda aka yi ta faman kwaso ɗalibanmu ta Masar da Fot Sudan. Amma kafin wannan, a Yulin 2022, akwai wani labari da ya fi taɓa mu. A jihar Nilul Azraƙ, wato Shuɗin Nilu, rikici ya tashi tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, aka kashe fiye da mutum 100, a watan Oktoba kuma aka sake kashe wasu kimanin 200 a yankin Wad al-Mahi. Musabbabin abin shi ne Hausawan can sun nemi a ba su tasu masarautar gargajiya, wasu suka ce ba za ta saɓu ba, domin sarauta ta mai ƙasa ce, su kuwa baƙi ne. Hausawa suka fito zanga-zanga a Khartum da Kasala da Gadarif da Fot Sudan.

Yaro zai tambaya, me ya kai Hausawa bakin kogin Nilu? Wani ɓangare na amsar daga jiharmu ya faro. A watan Oktoban 1902, Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda shi ne wakilin Sarkin Zazzau a garin, ya kashe Kyaftin Maloni, jami'in Ingila da aka turo Keffi. Magaji ya hau doki ya nufi Kano, Sarkin Kano Alu ya karɓe shi hannu bibbiyu. Gwamna Lugga, wanda dama yana neman dalili, ya riƙe wannan a cikin hujjojinsa. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 Kano ta faɗa hannun Turawa, ranar 15 ga Maris Sakkwato ta bi baya. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira a kan zama ƙarƙashin Nasara, ya nufi gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bi shi, har da Magajin Keffi. Turawa suka cim musu a Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, aka gwabza a ƙarshen Yulin 1903, Attahiru ya kwanta dama a fagen fama. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka ci gaba da tafiya har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Garin da suka kafa sunansa yake amsawa, Mai Wurno.

Ba su ne farkon zuwa ba. Tun ƙarnoni kafin nan alhazan ƙasa suke ratsa Sudan a kan hanyarsu ta Makka, tafiyar da kan ɗauki shekaru, wasu guzuri ya ƙare su tsaya noma, wasu su yi aure su zauna. Sai kuma babin masana'antu ya shigo. Masaƙun Manchesta na buƙatar auduga, don haka Ingila ta gina madatsar ruwa ta Sinnar, aka kammala ta a 1925, aka buɗe gonakin audugar Jazira. Hannayen da suka yi wannan aiki da yawansu na mutanenmu ne, Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda 'yan Sudan ke yi wa kuɗin goro da sunan Fallata ko Takari. Da Sudan ta samu 'yanci a 1956, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda kakanninsa suke zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Mai karatu ya duba wannan shekara, ya duba shekarar Burmi. Da alƙalami ɗaya aka mayar da jama'ar da suka zo bayan 1903 baƙi, duk da gumin da suka zuba a Jazira. An sassauta dokar daga baya, amma tabon bai goge ba, shi ne ya sake fashewa a 2022.

A nan akwai wata gaskiya da ya wajaba mu gaya wa yaranmu. Mu a wajenmu Magajin Keffi jarumi ne da ya ƙi miƙa wuya ga Bature. Amma ƙarni na 19 a wannan yanki zamani ne na hare-haren kamun bayi, wanda ya sa al'ummu da dama suka haye duwatsu domin tsira, kuma jikokinsu su ne maƙwabtanmu da abokan cinikinmu a yau. Labarin da kakanninsu suka bar musu game da mahaya dawakai ya sha bamban da wanda namu suka bar mana. Wanda ya san fuskokin biyu ya fi iya zama da mutane, kuma ya fi sanin inda zai taka harshensa ranar da gardama ta tashi a majalisa.

Daga kuza zuwa litiyam

Labari na uku a ƙofar gidanmu yake. A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa ma'adinin litiyam ta wani kamfanin 'yan China a ƙaramar hukumar Nasarawa. Litiyam shi ne ake yin batirin waya da na mota mai amfani da lantarki da shi, manyan ƙasashe kuma suna rige-rigen mallakarsa. Samarinmu da dama sun bar kasuwa da acaɓa sun nufi ramukan haƙa. Duk wanda ya karanta tarihin Jos zai ji kamar ya taɓa jin wannan kiɗan.

Tun kafin zuwan Turawa maƙeran ƙasar Hausa sun san kuza, suna narka ta a Riruwai. Juyin masana'antu a Turai ya sa buƙatarta ta hauhawa, saboda da ita ake shafe gwangwanin abinci ake kuma like ƙarafa. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Ingila suka bi sawunta har tsaunukan Filato. Aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, ya isa a 1914. Babban layin gabas kuma, wanda ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi, ya ratsa ta nan Lafiya ya kai Kafanchan, ya haɗe da Kaduna da Jos a 1927, aka buɗe gadar Makurɗi a 1932. Gawayin Inugu ya hau, kuzar Jos ta gangara teku. Tashar jirgin Lafiya 'yar wannan zamani ce, kuma da yawa daga cikin gidajen Hausawa da ke kan wannan layi, in aka bi salsala, jirgin nan ne ya sauke kakansu, ko lebura, ko mahauci, ko ɗan koli, ko malamin allo.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya da Singafo, inda Ingila ke samun kuza mai yawa. Nan take idon Landan ya juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar talakawa dubbai daga lardunan Arewa ta hannun hukumomin En'e ana tura su aikin tilas a ramukan kuza, abin da mutanenmu suka kira ɗiban gwamna. Sanyin Jos da yunwa da cuta suka kashe da dama. Dubi ikon Allah, faɗuwar wani tsibiri a gabashin Asiya ta raba manomin Zamfara da gonarsa.

Yadda abin ya ƙare shi ne darasin. Kasuwar kuza ta yi ta ja da baya har ta durƙushe a 1985. Kamfanoni suka naɗe tabarmarsu, suka bar kududdufai da gonakin da ba sa nomuwa. Suka kuma bar jikokin leburori da 'yan kasuwa waɗanda ba su san wani gari ba sai Jos, tare da 'yan ƙasar da ke ganin an cinye musu filaye ba da shawararsu ba. Muddin arziki na gudana an zauna lafiya. Da ya ƙafe, aka koma rabon kujerar ƙaramar hukuma da guraben aiki, tambayar wane ne mai gari ta taso. Abin da ya biyo baya a 1994 da 2001 da 2008 da 2010 ba sai na tuna wa kowa ba, akwai masu zaune tare da mu a Lafiya da wannan wuta ce ta koro su. Wanda ya riba ya tafi da ribarsa Landan, waɗanda aka bari suka kama wuyan juna. Duk mai shirin kai iyalinsa sansanin litiyam, da duk shugaban al'umma da ke can, ya kamata ya tambayi kansa tun yanzu: ranar da farashi ya faɗi, a wane matsayi za a same mu, kuma wace irin hulɗa muka gina da masu filayen?

Wane ne baƙo?

Labari na huɗu shi ya ɗaure sauran. A Janairun 2025 Shugaba Trump na Amurka ya sa hannu a wata doka da ke neman hana wasu jariran da aka haifa a ƙasar zama 'yan ƙasa kai tsaye, haƙƙin da ke cikin gyaran tsarin mulkinsu na 14 tun 1868, magana ta tafi kotu. A cikin wannan shekarar dai, a nan gida, Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai Benjamin Kalu ya gabatar da ƙudirin da zai ba wanda ya shekara goma a jiha damar zama ɗan asalinta. Aka yi masa ca daga sassa daban-daban, ya janye.

Babin da ke bayanin wannan shi ne na kishin ƙasa. Bayan juyin juya halin Faransa na 1789, wani tunani ya bazu a Turai cewa kowace al'umma mai harshe ɗaya ta cancanci ƙasarta. Da shi aka haɗe Italiya a 1861 da Jamus a 1871, da shi kuma 'yan Afirka suka kori Turawa. Amma tunanin yana da ƙaya, domin da zarar an ce ƙasa ta wane ce, an ce ba ta wane ba ce. A 1923 Girka da Turkiyya suka yi musayar mutane sama da miliyan ɗaya da rabi bisa addini. A 1947 aka raba Indiya da Pakistan, miliyoyi suka yi hijira cikin jini. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, abin ya rutsa da Yarabawa da Hausawan zango, har da waɗanda kakanninsu suka je fataucin goro Gwanja tun ba a san za a yi wata ƙasa mai suna Gana ba. A Janairun 1983 mu ma muka rama a zamanin Shagari, muka kori baƙi wajen miliyan biyu, kusan rabinsu 'yan Gana. Abin lura shi ne duka korar biyu a lokacin matsin tattalin arziki aka yi su. In tuwo ya yi kaɗan, sai a fara ƙirga hannayen da ke cikin kwano.

Tsarin mulkinmu na 1999 yana tafe da ƙafa biyu da ba su daidaita ba. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama duk inda ya so, sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali. Amma sashe na 147 ya ce a naɗa minista daga kowace jiha wanda yake ɗan asalinta ne, ga kuma tsarin rabon muƙamai tsakanin jihohi. Daga nan takardar indijin ta samu ƙarfin da take da shi a wajen neman makaranta da aikin gwamnati da shiga soja. Kowa a cikinmu ya san yaron da aka haifa a Lafiya, ubansa ma a nan aka haife shi, amma sai an sa shi a mota zuwa wata ƙaramar hukuma a Kano ko Katsina da bai san kowa a cikinta ba domin karɓo takarda.

Tarihin Lafiya kansa yana da abin cewa a nan. Barebari ne daga Borno, ƙarƙashin Muhammadu Dunama, suka kafa garin a ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa ake ce mata Lafiyar Barebari, daga baya ta shiga ƙarƙashin Bauchi a tsarin daular Sakkwato. Alago na Doma da Keana suna danganta kansu da Kwararrafa. Gwandara sun ce daga Kano suka fito. Kowa da hanyar da ya biyo da lokacin da ya iso. Ban kawo wannan domin a raina haƙƙin waɗanda suka riga mu ba, wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi, kuma mun samu masauki a garin nan da ya cancanci godiya. Na kawo shi ne domin yaro ya gane cewa layukan nan mutane ne suka ja su, kuma suna motsi. Dattijon da aka haifa a Lafiya a 1960 ya zauna a Jihar Arewa, a 1967 ya wayi gari a Binuwai-Filato, a 1976 ya koma ɗan Filato, ranar 1 ga Oktoban 1996 ya zama ɗan Nasarawa, alhali ko ɗakin kwanansa bai sauya ba.

To mene ne abin yi?

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Lafiya ba Damazin ba ce, ba kuma Jos ba ce, kowane gari da nasa sha'anin. Amfanin tarihi shi ne ya nuna maka alamun hadari tun kafin ruwa ya sauko, ka shigar da shanyarka, ba wai ya hana ka barci ba.

Shawarata ta farko ga iyaye ce. In yaro ya ce zai ɗauki tarihi a jarrabawar WAEC ko NECO, kada a ce masa ba ya kawo abinci. In ma kimiyya yake karantawa, a saya masa littafin da taswirar duniya a manna a bango. In an gama jin labarai da dare, a ɗauki guda ɗaya a sa shi ya nuna wurin a taswira, sannan a yi masa tambaya uku: yaushe abin nan ya samo asali, wa ke cin riba a ciki, ta ina kuma ya taɓa mu? Uba yana da labarin yau, ɗa yana da littafi, in aka haɗa sai kowa ya ƙaru.

Ta biyu ga malamanmu na sakandare da na Islamiyya. Babin wawason Afirka ya fi shiga kan yaron Lafiya in aka fara shi daga Keffi. Babin juyin masana'antu ya fi zama in aka fara shi daga tashar jirgin ƙasa da buhunan riɗin da ake lodawa a kasuwanninmu zuwa ƙasashen waje.

Ta uku ga samari. Dattawanmu suna ta tafiya da abin da ke cikin kansu. Wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya. Ku zauna da kakanninku ku tambaye su daga ina aka taso, a wace shekara, da wace sana'a, wa ya ba da masauki, wane sarki ke kan gado. Ku adana takardun haihuwa da na fili da rasiɗin haraji, domin abin da ya faru a Gana da Sudan ya nuna cewa ranar da aka tambayi takarda, rantsuwa ba ta wadatarwa. Ku kuma nemi sanin tarihin Eggon da Alago da Migili da Tibi daga bakinsu, ku koyi ko da gaisuwa ce da harsunansu. Zama da mutane ba ya yiwuwa sai da sanin abin da ke yi musu zafi.

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Ga matafiyi irinmu, ina ganin har guzuri ne. Allah Ya zaunar da garin Lafiya lafiya, Ya ba mu haƙurin zama da juna, Ya kawo wa 'yan uwanmu na Sudan da Nijar da sauran wurare sauƙi, Ya kuma shirya mana zuri'a.